Suna a shafin godiya: lamarin wani sashen Soshiyoloji da abokan bincikensa na waje

Yadda sashen yake kafin 2016

Wannan lamari ne na wani sashen Soshiyoloji a wata jami'ar gwamnati a Afirka, ba za a ambaci sunan jami'ar ba ko na malaman, haka ita ma jami'ar wajen da suka yi aiki tare. Tsohon sashe ne, farfesoshi biyu, manyan lakcarori kaɗan, sauran duk matasa ne wasunsu ma ba su gama digiri na uku ba. Ɗalibai kam ba a magana, ajin 'yan shekarar farko kaɗai yana cika babban ɗakin lacca har da na tsaye a bakin taga, ga kuma tarin furojet na 'yan ajin ƙarshe da kowane malami zai duba.

Kuɗin bincike kusan babu. Tarayyar Afirka ta daɗe tana kiran ƙasashe su ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara domin bincike, mafi yawansu ba su kai ba, kuma ɗan abinda ake warewa lafiya da noma da injiniya ne ke fara ɗiba, ilimin zamantakewa sai abinda ya rage in ya rage. Amma duk da haka ƙa'idar ƙarin girma tana nan, ba ka wallafa ba ba ka motsawa. Dan haka sai malamai suka koma mujallar sashen, wadda ake bugawa kwafi kaɗan kuma ba ta intanet, wasu kuma suna biyan kuɗi ga irin mujallun nan da za ka tura takarda yau su karɓa jibi ba wanda ya karanta, irin waɗanda wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa jerawa har ya sauke jerin nasa a Janairun 2017.

Abinda sashen yake da shi kuwa ba ƙarami bane. Malaman sun san harsunan yankin, shugabannin unguwanni da na ƙungiyoyin sana'a sun yarda da su, kuma ɗalibansu sun saba shiga gari da takardar tambayoyi. Wannan shi ne ainihin abinda mai bincike daga waje ba zai iya saye a wata ɗaya ba.

2016 zuwa 2018: haɗin gwiwa na farko

A 2016 gwamnatin Birtaniya ta fara raba wani asusun bincike mai suna GCRF, fam biliyan 1.5 na tsawon shekara biyar, kuma da yake daga kuɗin tallafin ƙasashen waje aka ciro shi dole binciken ya shafi matsalolin ƙasashe masu tasowa. Nan take jami'o'in can suka bazama neman abokan aiki. Imel ya shigo wa babban farfesan sashen saura 'yan makonni a rufe karɓar takardu, daga wata malama a wata jami'ar Ingila, batun kuma matasa masu barin karkara su shigo birni da irin sana'o'in da suke rayuwa da su, za a yi a ƙasashe uku. An riga an gama rubuta furofosal ɗin, abinda ake so daga sashen shi ne takardar tarihin aikin farfesa da wasiƙar goyon baya mai sa hannun shugaban jami'a. Aka yi ta zirga-zirga aka samu sa hannun, aka tura.

Kuɗi ya fito a 2017, aka yi murna sosai. Kwantiragi ya zo tsakanin jami'o'in biyu, kuma a sashen ba wanda ya karanta fiye da shafin da kuɗi yake. A sauran shafukan an rubuta cewa jami'ar Ingila ce mai riƙe duk bayanan da aka tara, shugabar binciken, wato malamar Ingilar, ita ce mai yanke abinda za a wallafa, sannan biya sai bayan an kashe, wato ka yi aiki da kuɗinka ka tura rasit duk wata uku a mayar maka. Kasafin sashen kuɗin mota ne da alawus na masu tambayoyi da rikoda da kwafe hira da fassara ta zuwa Turanci. Babu ko layi ɗaya na lokacin zama a yi nazarin bayanan, babu na manhaja, kuma ba a saka kuɗin gudanarwa na jami'a ba duk da ƙa'idar masu bada kuɗin ta yarda a saka wani kaso.

Tun ranar horas da masu tambayoyi matsala ta fara leƙowa. Takardar tambayoyin tana so yaro ya ce ko yana da aiki ko ba shi da shi, alhali yaron da safe dako yake, da rana yana tsaron shagon wani, da dare kuma gadi, kuma shi kansa in ka tambaye shi cewa zai yi ba shi da aiki. Ƙananan malaman suka faɗa, aka ce musu ba za a taɓa tambayar ba sabida dole ta zama iri ɗaya a ƙasashen uku in ana so a kwatanta. Hujja ce mai ƙarfi a wajen masu ƙididdiga, sai suka yi shiru, amma biyu daga cikinsu suka riƙa rubuta abinda suke gani a littafinsu na kansu.

Kuɗi kuma ya maƙale ta fuska biyu. Masu abin hawa na haya da masu nuna hanya a unguwa ba sa bada rasit, ofishin kuɗi na can kuma ba ya biya sai da rasit. In ma an turo, kuɗin sai ya faɗa babban asusun jami'a ya cakuɗe da komai, sai an bi fayil ofis-ofis kafin a fiddo shi. Akwai zangon da malamai suka yi wata shida suna bin kuɗin da suka ciro daga albashinsu.

Sai ranar 25 ga Mayun 2018 dokar kare bayanan sirri ta Turai, GDPR, ta fara aiki. Ofishin kula da bayanai na jami'ar Ingila ya ce a ɗora duk sauti da rubutattun hirarraki a sabarsu, a goge na kan kwamfutocin malamai. Dokar ita kanta ba ta hana jami'o'i biyu riƙe bayanai tare ba, yarjejeniya take nema da tabbacin tsaro, to amma sashen ba shi da rubutacciyar ƙa'idar ajiye bayanai, ba shi da amintaccen wurin ajiya, kwamitin ɗa'ar bincike ma na asibitin koyarwa kaɗai ake da shi. Aka ɗora, aka goge. A Yulin shekarar aka gabatar da sakamakon farko a babban taron ƙungiyar masana Soshiyoloji ta duniya a Toronto, malamin da ya jagoranci aikin fili an gayyace shi amma bizarsa ba ta fito ba sai da aka watse.

2019: takarda ta fito, da abubuwan da aka fara gwadawa

Takardar farko ta fito a wata babbar mujalla. Marubuta huɗu, uku na can, sai babban farfesa a na uku. Malaman da suka yi wata da watanni a tasha da kasuwa suna hira, suka kwafe, suka fassara, sunansu yana can ƙarshe a shafin godiya. Ɗaya daga cikinsu a taron sashe ya ce, ranka ya daɗe wannan ai kura da shan bugu ne gardi da kwashe kuɗi, aka yi dariya amma ba wanda ya ji daɗi, domin kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga godiya.

Abu na farko da aka gwada shi ne wasiƙar ƙorafi. Amsa ta dawo cikin ladabi, wai marubuci shi ne wanda ya sa hannu a nazari da rubutu, tara bayanai kaɗai bai isa ba. A sashen ba wanda ya san cewa ƙa'idar nan ta editocin mujallun likitanci, ICMJE, wadda fannoni da yawa ke aro, ta lissafa tara bayanai cikin gudummawar da ake ƙirgawa, har ma ta ce duk wanda ya bada irin wannan gudummawar a ba shi damar shiga rubutu da gyara. Damar ce ba a bayar ba. An dai yi alkawarin gyarawa, kuma a takarda ta biyu an saka sunan mutum biyu a tsakiya, sai dai daftarin bai iso musu ba sai satin da za a tura, suka karanta suka ce ya yi. Suna ya shiga, amma yadda aka yi nazarin har ranar ba su sani ba.

Na biyu, ofishin hulɗa da waje na jami'ar ya shiga sa hannu a yarjejeniyoyin fahimtar juna da jami'o'i a Turai da Asiya. An yi hotuna, an yi musayar kyauta, an saka a shafin jami'a. Ba ɗaya a ciki da ta ambaci kuɗi ko sunan mutumin da zai bibiya ko aikin da za a fara da shi, kuma zuwa ƙarshen lokacin da ake magana ba wadda ta haifar da bincike ko guda.

Na uku, aka ɗauko wani ƙwararre ya yi bitar sati ɗaya kan rubuta furofosal, kowa ya samu satifiket. Da ƙarfin wannan sashen ya tura furofosal uku ga manyan masu bada kuɗi a matsayin jagora. Ɗaya ko karanta ta ba a yi ba, a matakin tantance jami'a ta faɗi, sabida an nemi rahoton odita na shekarun baya da rubutacciyar ƙa'idar hana almundahana da ta kare waɗanda ake bincike a kansu, ofishin kuɗi bai kawo a kan lokaci ba. Sauran biyun an karanta, masu dubawa suka ce ra'ayin yana da kyau amma ba su ga wallafe-wallafen masu neman a inda za su iya dubawa ba.

Manyan malamai kuma kowa ya ci gaba da kwangilarsa ta rubuta rahoto ga ƙungiyoyin agaji, wanda yana kawo kuɗi a aljihu kam, amma rahoton mallakar mai biya ne kuma yana cinye ɗan lokacin da ya rage bayan aji.

2020 zuwa 2021: korona da yankan kuɗi

An amince da zango na biyu na aikin matasan a ƙarshen 2019 bisa tsohon kwantiragi. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annobar duniya, jirage suka tsaya, abokan aikin Ingila ba halin zuwa. Dole aikin ya koma hira ta waya, kuma wa zai tsara yadda za a samu lambobin yaran da lokacin da za su iya magana da irin tambayar da mutum zai yarda ya amsa yana cikin mutane, in ba malaman sashen ba. A Zoom ake haɗuwa duk sati, kuma da yake fassara tana jan lokaci su kuma can ana matsa musu su kawo rahoto, sai shugabar binciken ta ce malaman su fara rarraba hirarrakin kashi-kashi a harshen da aka yi su, su kawo abinda suka gani. Karon farko kenan da nazari ya fara daga wannan ɓangaren.

Abinda suka gani kuwa tsohuwar takardar tambayoyin ba za ta kamo shi ba. An ɗauka kullum yaro ne ke tura kuɗi gida, sai ga shi a lokacin kulle gida ne ke ɗauke da yaro, kuma da malaman nan biyu suka koma littafansu na 2017 suka tarar tun lokacin alamar tana nan, duk sanda sana'a ta tsaya taimako juyowa yake yi. Wannan shi ya zama zuciyar zango na biyu.

Ana cikin haka a Nuwamban 2020 ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya sanar da rage tallafin waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. A Maris 2021 hukumar bincike ta UKRI ta rubuta wa jami'o'i cewa akwai giɓin fam miliyan 120 tsakanin abinda ta yi alkawari da abinda aka ba ta. Aikin matasan yana cikin waɗanda aka zabtare. Ma'aikatan can suna da kwantiragin aiki da doka ta kare na ɗan lokaci, masu tambayoyin nan kuwa biyan yini ake musu, dan haka su aka fara sallama. Taron da aka yi wa ƙungiyoyin matasa alkawari na dawo musu da sakamako shi ma aka soke, kuma wannan ya ɓata wa sashen suna a wajen mutanen da ya yi shekaru yana gina amana da su. Ita shugabar binciken ta yi iya ƙoƙarinta, ta sa hannu a wasiƙun adawa da yankan, ƙarshe ma mataimakiyarta ta rasa aiki.

A zaman rufe aiki sashen ya nemi abu ɗaya, tunda kuɗin nazari babu, a ba shi kwafin bayanan da aka cire sunaye da izinin wallafawa. Can ma ba su da wanda zai zauna a kan bayanan, suka yarda, da sharaɗin a yi yarjejeniyar raba bayanai. Wannan ya ɗauki watanni, domin sai da jami'a ta kafa kwamitin ɗa'a na ilimin zamantakewa, ta rubuta ƙa'idar ajiya, aka ware kwamfuta ɗaya mai kulle da makullin sirri. Bayanan zango na biyu suka dawo. Sautin zango na farko bai dawo ba, sabida fom ɗin amincewa da mutane suka sa wa hannu a 2017 ya ce jami'ar Ingila ce kaɗai za ta ajiye shi.

Ƙarshen 2021 zuwa 2023: sabon salo

Aka yi sabuwar shugabar sashe, tana cikin waɗanda sunansu ya tsaya a shafin godiya. Abu na farko da ta kawo taron sashe takarda ce mai shafi biyu ta sharuɗɗan haɗin gwiwa, yawancin abinda ke ciki daga ƙa'idar TRUST ta adalci a haɗin gwiwar bincike aka ɗebo, wadda ta fito a 2018 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta karɓe ta, tana tsaye kan adalci da girmamawa da kulawa da gaskiya. Takardar ta ce ba za a bada wasiƙar goyon baya ba sai an ga cikakken furofosal da cikakken kasafi har da na ɓangaren can, sai aƙalla tambayar bincike ɗaya ta fito daga sashen, bayanai a riƙe su tare kuma a rubuta haka a fom ɗin amincewa, lokacin nazari da rubutu a biya shi kamar yadda ake biyan na fili, kuɗin wata ukun farko a turo kafin a fara, kuɗin komawa wajen jama'a da sakamako ya zama layi mai zaman kansa. Batun suna kuma a zauna tun farko a cike tsarin CRediT, mai rarraba aikin takarda gida 14, kowa ya san abinda zai yi da inda sunansa zai zauna.

Ba cikin daɗi aka amince ba. Babban farfesa yace Dakta mai nema ba ya kafa sharaɗi, za ki kore mana mutane ne kawai. Kuma an kore ɗin, ƙungiyoyi biyu da suka zo neman wasiƙa cikin gaggawa da suka ga takardar ba su sake rubutowa ba, ɗaya ma ta tsallaka wani sashe a jami'ar ta samu abinda take so cikin kwana kaɗan. Malaman da suka rasa alawus ɗin fili sun yi gunaguni kusan shekara.

Ta ɓangaren kuɗi aka roƙi ofishin kuɗi ya ware akanta ɗaya da zai riƙa kula da tallafin bincike, aka buɗe wa kowane aiki lambarsa a littafi, aka tara takardun da aka rasa a 2019 wuri guda. Sun bi ma'aunin GFGP na kula da kuɗin tallafi, wanda Cibiyar Kimiyya ta Afirka ta jagoranci samar da shi, mai matakai huɗu daga tagulla zuwa sama, suka auna kansu a matakin ƙasa suka ga inda suke da giɓi. Matsalar rasit kuma an warware ta da takardar biya mai sa hannu ko dangwale da shaida, aka rubuta a kwantiragi cewa ita ce hujja.

Inda aka fi daɗewa shi ne rubutu. An cire lacca a safiya ɗaya duk sati, a shiga ɗaki ɗaya a kashe waya, kowa da babinsa daga bayanan da suka dawo, da kayan aiki na kyauta, R domin lissafi, QualCoder domin rarraba hira, Zotero domin tsara manazarta, KoboToolbox kuma domin tara amsoshin tambayoyi in za a koma fili. Makonnin farko mutum uku ne ke zuwa. Ta shirin Carnegie da ke kawo malamai haifaffun Afirka masu koyarwa a Amurka da Kanada su yi ɗan zama a jami'o'in nahiyar, aka samu wani malami ya zo a dogon hutu, shi ba lacca ya yi ba, zama ya yi da kowa a kan daftarinsa layi-layi yana tambaya, wannan jimlar me take so ta ce, wa kake musu da shi a nan, ina hujjar. Bayan ya koma ya ci gaba da karanta musu ta imel. A gefe guda kowa ya buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, mujallar sashen aka gyara mata tsarin tantancewa aka fara neman shigar da ita AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, kuma aka yanke cewa kafin a tura takarda mujallar da ke buɗe kyauta a intanet sai an duba ko tana cikin DOAJ, jerin irin waɗannan mujallu da aka tantance.

Takardar farko da sashen ya jagoranta an dawo da ita sau biyu. Edita na farko ko masu dubawa bai tura wa ba, yace labarin gari ɗaya ne. Aka sake gini, maimakon a fara da bayanin garin sai aka fara da abinda masana ke ɗauka game da alaƙar ɗan ci-rani da gida, sannan a nuna inda bayanan suka saɓa. A mujalla ta uku ta shiga bayan gyara biyu, fiye da shekara daga turawar farko, kuma an zaɓi hanyar da ba a biyan kuɗin bugawa domin kuɗin babu. Manyan asusu an ajiye su gefe, aka nemi ƙanana, irin na CODESRIA, cibiyar bunƙasa binciken ilimin zamantakewa a Afirka da ke Dakar tun 1973, tare da wani sashen Soshiyoloji a maƙwabciyar ƙasa, kuma an samu ɗaya.

2023 zuwa 2025: inda aka kai

A 2023 malamar Ingilar nan ta dawo da wani sabon kira, aka tura mata takardar shafi biyu, ta karɓa, ofishin kwantiragi na jami'arta ne ya ja batun biyan farko na 'yan watanni kafin ya sauko. Iska ma ta ɗan sauya a lokacin, a 2022 mujallun Nature sun fitar da matsaya kan binciken da ake sauka a kwashi bayanai a tashi, taron duniya kan gaskiyar bincike da aka yi a Cape Town a shekarar ya fitar da sanarwa kan adalci a haɗin gwiwa, kuma masu bada kuɗi sun fara tambayar yadda aka raba aiki da kasafi. Furofosal ɗin tare aka rubuta, sashen ne ke jagorantar ɓangare ɗaya cikin uku da kasafinsa.

Zuwa tsakiyar 2025 akwai takardu kaɗan a mujallun da ake iya samu a intanet waɗanda malaman sashen ne a farko, digiri na uku biyu sun kammala daga bayanan da suka dawo, malamai ƙanana uku sun samu ƙarin girma, an koma wajen ƙungiyoyin matasan an karanta musu sakamako. A Yulin 2025 da ƙungiyar Soshiyoloji ta duniya ta yi taronta a Rabat, sashen ya shirya zama nasa tare da abokansa na maƙwabciyar ƙasa.

Abinda bai sauya ba shi ma yana da yawa. Kuɗi har yanzu ta jami'ar can yake biyowa. Yawan ɗalibai yana nan. Biyu daga cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a nazari sun samu aiki a waje sun tafi, kuma sabbin takardun ne suka buɗe musu ƙofar. Wasu manya har yanzu suna sa hannu da kansu a ayyukan da ba su bi ta sashe ba.

Me ya yi aiki, me bai yi ba, kuma me ya sa

A ganina matakan 2019 duk sun faɗi ne a wuri ɗaya, sun bar sashen a matsayin da yake. Ƙorafi ya kawo suna ba tare da ƙwarewa ba, yarjejeniyoyin hoto ba su ɗora wa kowa aiki ba, bitar sati ɗaya kuma ta koya wa mutane neman kuɗin da jami'arsu ba ta shirya riƙewa ba kuma takardunsu ba su isa su jawo ba. Masanin falsafar nan na Jamhuriyar Benin, marigayi Paulin Hountondji, ya daɗe yana bayanin wannan rabon aiki, a tara bayanai a Afirka a yi nazari da gina ra'ayi a waje, kuma kwantiragin 2017 shi ne wannan rabon a rubuce. Ba sai an samu mugun mutum ba, malamar Ingilar ba azzaluma ba ce, fom ɗin jami'arta ta cike yadda ta same shi.

Takardar sharuɗɗan ita ake yawan yabawa in ana bada labarin nan, ni kuma ina ga ita ce ta uku a muhimmanci. Da an kawo ta a 2017 da ba ta yi komai ba, domin me za a ce da bayanai a riƙe tare alhali ba inda za a ajiye, ko a biya lokacin nazari alhali ba wanda ya taɓa yi. Abinda ya juya lamarin shi ne bayanai sun zauna a hannunsu kuma sun yi nazarin da kansu a harshen da aka yi hirar, sai kuma aikin nan marar daɗi na akanta da kwamitin ɗa'a. Kuma dole a faɗa, akwai sa'a a ciki, korona ce ta tilasta a miƙa musu nazarin, yankan kuɗin 2021 ne ya sa bayanan suka zama abinda za a iya bari, sashen dabararsa ita ce ya san abinda zai roƙa a ranar da aka tambaye shi.

Raunin tsarin kuwa a fili yake. Duk yana rataye ne a wuyan shugabar sashe ɗaya da akanta ɗaya da safiya ɗaya a jadawali, kuma jami'a ba ta mayar da sharuɗɗan dokarta ba, dan haka mai gaggawa har gobe zai iya tsallakawa sashen da ke kusa. Wa'adin shugabar ya kusa ƙarewa, kuma takardar neman a mayar da kujerar mai kula da bayanai ta dindindin tana gaban majalisar jami'a ba a zauna a kanta ba tukuna.